RA'AYI: Tallafin farashin amfanin gona: Darasin gundumar Gaines ga masu tsara manufofi a Abuja

A yammacin jihar Texas ta ƙasar Amurka, dab da iyakar jihar New Mexico, akwai wata gunduma ta karkara mai suna Gaines. Gunduma a can kwatankwacin ƙaramar hukuma ce a Najeriya, kuma jihar Texas kaɗai tana da irinta 254. Mutanen Gaines ba su kai 22,000 ba a ƙidayar shekarar 2020. Hedikwatarta ƙaramin gari ne da ake kira Seminole. Ƙasarta jigawa ce, ruwan sama kaɗan ne, gonaki da yawa da ruwan ƙarƙashin ƙasa ake shayar da su. Duk da haka tana sahun gaba a noman auduga da gyaɗa a faɗin jihar, wato amfanin gona biyun da suka taɓa ɗaukaka sunan Kano da Funtua da Gusau. Haka kuma shekara da shekaru tana sahun gaba a jerin gundumomin Texas da suka fi karɓar tallafin noma daga gwamnatin tarayyar Amurka.

Akwai dalilin waiwayar wannan gunduma mai nisa a yanzu. A watan Yulin 2024, lokacin da Gwamnatin Tarayya ta sanar da ɗage harajin shigo da masara da alkama da wake da shinkafar da ba a gama casa ba na tsawon kwanaki 150, ta haɗa da alƙawarin tsayar da mafi ƙarancin farashin da za a riƙa sayen amfanin gona daga hannun manoma, domin sake cika rumbunan ajiya na ƙasa. Kayan waje sun shigo, farashin hatsi ya sauko, mazauna birane sun ɗan numfasa. Manomin da ya sayi taki da tsada ya kai masararsa kasuwar Saminaka ko Dandume ko Dawanau a kakar 2025, ya tarar da farashin da bai mayar masa da uwar kuɗi ba. Tun daga nan kiraye-kirayen a cika wancan alƙawari suka yawaita, kuma ba makawa takardun shawara za su riƙa yawo tsakanin teburan daraktoci da manyan sakatarori da mataimakan ministoci.

Matsayin wannan jarida shi ne manomin Najeriya ya cancanci kariya daga rugujewar farashi. Sai dai tarihin Amurka na shekaru sama da 90 ya nuna cewa kuɗin tallafin farashi sunan da ke cikin rajista suke bi, ba su san wanda ya duƙa a gona ba. Saboda haka, kafin a yi shelar kowane farashi, wajibi ne a fara daidaita rajistar masu karɓa, a sa iyaka ga abin da mutum ɗaya zai karɓa, a kuma buɗe littafin biya ga jama'a ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma.

Ga yadda tsarin yake aiki a gunduma irin Gaines. Majalisar dokokin Amurka kan zartar da babbar dokar noma kusan duk bayan shekara biyar, kuma a cikinta ake rubuta farashin ma'auni na kowane amfanin gona da doka ta amince da shi. A dokar 2014 an tsayar da dala 3.70 ga mudun masara na Amurka, wanda nauyinsa ya ɗan haura kilo 25, da dala 5.50 ga alkama, da dala 8.40 ga waken soya, da dala 535 ga tan ɗaya na gyaɗa. A 2018 aka ƙara auduga mai gurya a kan kusan santi 37 kowace laba. Dokar kasafi da Shugaba Donald Trump ya sa wa hannu ranar 4 ga Yulin 2025 ta ɗaga waɗannan alƙaluma: masara ta koma dala 4.10, gyaɗa dala 630, auduga mai gurya santi 42.

Idan matsakaicin farashin kasuwa na shekara ya faɗi ƙasa da farashin ma'auni, gwamnati kan biya giɓin da ke tsakani. Wannan shi ne shirin da ake kira PLC a taƙaice. Akwai ɗan'uwansa mai suna ARC, wanda ke duba kuɗin da eka ɗaya ta saba samarwa a gundumar cikin shekaru biyar, ya biya idan na bana ya gaza. Manomi ne ke zaɓar wanda yake so. Gwamnati ba ta ɗaukar buhu ko ɗaya a waɗannan shirye-shirye biyu. Manomi zai sayar da kayansa a kasuwa yadda ya ga dama, daga baya kuɗin cike giɓi su shigo asusunsa daga wata hukumar gwamnati da aka kafa tun 1933, wadda doka ta ba ta ikon cin bashin da ya kai dala biliyan 30 daga baitulmali ba tare da jiran sabon kasafi ba.

Abin lura shi ne ba a kan abin da manomi ya shuka a bana ake lissafin ba. Kowace gona tana da ekokin rajista, wato faɗin ƙasar da aka rubuta mata bisa abin da ta noma a shekarun baya, tare da yawan amfanin da aka ƙiyasta wa kowace eka. Ana biyan kashi 85 cikin 100 na waɗannan ekoki. A ɗauka, don misali kawai, farashin gyaɗa ya sauka zuwa dala 435 a zamanin da ma'auni yake 535, giɓi ya zama dala 100. A ɗauka kuma an rubuta wa kowace eka tan ɗaya da rabi. Mai ekokin rajista 1,000 lissafinsa zai kama dala 127,500. Mai eka 20 zai tashi da dala 2,550. Wanda gonarsa ba ta da rajista, ko mai noman kayan lambu da doka ba ta ambata ba, ko sisi ba zai gani ba. Ƙa'ida ɗaya ce ga kowa, amma ƙa'idar da kanta kashin dankali ce, babba a kan ƙarami.

Wannan ba sabon ciwo ba ne, da shi aka haifi tsarin. A 1933, lokacin da tattalin arzikin duniya ya durƙushe, gwamnatin Shugaba Franklin Roosevelt ta fara biyan manoma su rage noma domin farashi ya tashi. An kife audugar da ta riga ta tsiro a kusan eka miliyan 10, an yanka aladu kusan miliyan shida. Farashi ya farfaɗo. Amma a jihohin kudu, inda ake noman auduga, kuɗin hannun masu filaye suka shiga. Da yawansu suka sallami 'yan ƙodago da masu noman raba-daidai, baƙaƙe da farare, tunda an rage ƙasar da za a noma. Shirin da aka kawo da sunan talakan ƙauye shi ya tura dubban talakawan ƙauye kan hanya. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Har yau rabon bai sauya kama ba. A 2001 wata ƙungiya mai zaman kanta a birnin Washington, wadda ake kira EWG, ta yi amfani da dokar 'yancin samun bayanai ta karɓo bayanan biyan tallafi daga Ma'aikatar Noma ta Amurka, ta baje su a intanet jiha-jiha, gunduma-gunduma, suna-suna. Lissafin da take sabuntawa tun daga shekarar 1995 ya nuna cewa kashi 10 cikin 100 na masu karɓa ne ke kwashe sama da kashi uku cikin huɗu na kuɗin tallafin amfanin gona. Daga cikin gonakin Amurka kusan miliyan 1.9, mafi yawa ba sa samun komai daga waɗannan shirye-shirye.

Doka ta sa iyaka, amma iyakar tana da ƙofofi. Daga 2014 abin da mutum ɗaya zai karɓa a shekara bai kamata ya wuce dala 125,000 ba, kuma dokar 2025 ta ɗaga shi zuwa dala 155,000. Gyaɗa tana da tata iyakar daban, a kan ta sauran amfanin gona. Sai dai iyakar a kan mutum take, gona kuwa tana iya samun masu ita da yawa. Idan aka yi wa gona rajista a matsayin haɗin gwiwa, kowane abokin tarayya da aka ce yana da hannu a gudanar da ita yana da nasa kason, matar aure ma tana da nata. Dokar 2018 ta faɗaɗa ma'anar iyali har ta haɗa da 'ya'yan 'yan'uwa da 'yan'uwan da aka haɗa kaka da su. Gona ɗaya, sunaye goma, iyaka ta ninku sau goma, kuma ba a karya doka ba.

Sai kuma batun ƙasa. Tunda tallafin a jikin ekokin rajista yake, duk wanda zai sayi gona ko zai karɓi haya ya san da kuɗin gwamnati a cikinta, don haka farashin ƙasa da kuɗin haya suna tashi. Kusan kashi 40 cikin 100 na ƙasar noma a Amurka haya ake bayar da ita. Wani yanki na tallafin kan zarce aljihun mai fili, wanda wataƙila a babban birni yake zaune, matashin da ke son shiga noma kuma ya tarar ƙasa ta fi ƙarfinsa. A 2006 jaridar Washington Post ta gano cewa tun daga shekarar 2000 an biya aƙalla dala biliyan 1.3 ga mutanen da ba sa noma sam, cikinsu har da masu gidajen da aka gina a kan tsofaffin gonakin shinkafa a Texas. Irin wannan abin kunya ne ya taimaka wajen soke biyan kai-tsaye na shekara-shekara a 2014.

Akwai darasi ma a kan waɗanda ke riƙe da rajistar. A kusan kowace gundumar karkara akwai ofishin hukumar hidimar manoma, tare da kwamitin da manoman yankin ke zaɓa. A takarda wannan tsari ne mai kyau. A aikace, tsawon shekaru masu yawa, kwamitocin jihohin kudu sun kasance a hannun manyan fararen manoma, kuma baƙaƙen fata sun sha jinkiri da ƙin amincewa wajen bashi da tallafi. Shari'ar Pigford, wadda aka sasanta a 1999, ta sa gwamnati ta biya diyyar kusan dala biliyan ɗaya, a 2010 kuma aka amince da ƙarin dala biliyan 1.25. Diyyar ta zo bayan gonaki sun riga sun salwanta. Baƙaƙen manoma sun kusa miliyan ɗaya a 1920, yau ba su kai 50,000 ba. Duk wanda ya san yadda ake raba takin gwamnati a mazaɓa ba ya buƙatar a fassara masa wannan labari.

Siyasa ma ba ta bar asusun ba. Lokacin da rikicin kasuwanci ya ɓarke tsakanin Amurka da Sin, gwamnati ta biya manoma kusan dala biliyan 23 a kan amfanin 2018 da 2019, ta hanyar waccan hukuma mai ikon cin bashi, ba tare da majalisa ta kaɗa sabuwar ƙuri'a ba. A 2019 kowace gunduma aka yanka mata nata farashi, daga dala 15 zuwa dala 150 a kan eka, kuma gundumomin auduga na kudu ne suka fi samun kaso mai tsoka.

Tasirin waɗannan kuɗaɗe bai tsaya a Texas ba. Amurka na cikin manyan masu fitar da auduga a duniya, kuma manomin da gwamnati ke cike masa giɓi ba ya rage noma idan farashi ya faɗi. Rahoton da ƙungiyar Oxfam ta fitar a 2002 ya ce manoman auduga 25,000 na Amurka sun karɓi dala biliyan 3.9 a kakar 2001 zuwa 2002. A 2003 ƙasashen Benin da Burkina Faso da Chadi da Mali suka kai kukansu Ƙungiyar Kasuwanci ta Duniya, suna cewa tallafin yana karya farashin audugar da miliyoyin mutanensu suka dogara a kai. Brazil kuwa ƙara ta shigar a 2002, ta yi nasara a 2004, aka tabbatar da hukuncin a 2005. Amurka ta zaɓi ta riƙa biyan Brazil dala miliyan 147.3 a shekara daga 2010, sannan ta rufe maganar da dala miliyan 300 a 2014. Ƙasashen Afirka huɗun da suka fi cutuwa ba su shigar da ƙara ta kansu ba, kuma ba su samu irin wannan diyya ba. Mutuwar masaƙun Kaduna da Kano tana da dalilai na cikin gida, irin su ƙarancin lantarki da fasa-ƙwauri, amma manomin auduga na Funtua shi ma a wannan karyayyiyar kasuwar duniya yake sayar da kayansa.

Duk da waɗannan kurakurai, adalci ne a faɗi abin da tsarin Amurka ya dace da shi, kuma abu biyu ne. Na farko, alƙawarin doka ne. Manomin Gaines ya san farashin ma'auni kafin ya zuba iri, bankinsa ma ya sani, don haka ya ba shi bashi. Sauyin minista ba ya soke shi. Na biyu, ana iya duba littafin. Duk aibin da aka lissafa a sama an san shi ne saboda 'yan jarida da masu bincike da ofishin binciken kuɗi na majalisa sun samu alƙaluma. Wani abin lura shi ne inshorar amfanin gona, wadda gwamnati ke biyan kusan kashi 60 cikin 100 na kuɗinta, doka ta hana a bayyana sunayen masu cin gajiyarta, kuma ta zama ɗaya daga cikin manyan hanyoyin da kuɗin tallafi ke bi. Inda aka rufe ƙofa, nan kuɗi ke taruwa.

Najeriya tana da nata tarihin, kuma ya kamata masu rubuta takardun shawara su tuna da shi. Hukumomin sayen amfanin gona da Turawan mulkin mallaka suka kafa, na koko a 1947, na gyaɗa da auduga a 1949, da sunan daidaita farashi aka kafa su. Aka mayar da su hannun yankuna a 1954, aka dawo da su tarayya a 1977, aka rushe su a 1986 a ƙarƙashin shirin gyaran tattalin arziki na gwamnatin Janar Ibrahim Babangida. A mafi yawan shekarunsu ƙasa da farashin duniya suke biyan manomi, rarar kuma ta tafi ayyukan gwamnati. Dalar gyaɗa ta Kano da gumin manomin da aka tauye aka gina ta. A zamanin nan kuma, shirin bashin manoma na Anchor Borrowers da aka ƙaddamar a Kebbi a watan Nuwamban 2015 ya lashe sama da naira tiriliyan ɗaya, kuma a farkon 2023 Babban Bankin Najeriya da kansa ya ce abin da aka dawo da shi bai wuce rabi da kaɗan ba. Har yau babu wani shafi da ɗan ƙasa zai buɗe ya ga nawa aka kai ƙaramar hukumar Argungu ko ta Kura, kuma wa ya karɓa.

Akwai gaskiya ɗaya da ta shafi masu karanta wannan shafi kai-tsaye. Kundin Tsarin Mulki na 1999, a Jadawali na Biyar, ya hana ma'aikacin gwamnati na cikakken lokaci gudanar da kasuwanci na kansa, amma ya ware noma. Wannan halas ne, kuma da yawa daga cikin manyan ma'aikata da masu riƙe da muƙaman siyasa suna da gonaki a Kuje da Gwagwalada da hanyar Keffi da hanyar Kaduna. Su ne masu takardun mallakar ƙasa, da kamfani mai rajista, da asusun banki, da sanin ranar da za a buɗe shafin neman shiga. Idan aka kwaikwayi tsarin biya bisa faɗin gona, waɗanda suka tsara shirin ne za su fara cin gajiyarsa, ko da ba su yi niyya ba. Matar da ke noma rabin eka ta aro a Bichi ba za ta shiga lissafi ba.

Saboda haka wannan jarida ke ba da shawarwari kamar haka. Da farko, a mayar da mafi ƙarancin farashi doka ta Majalisar Tarayya, da gurbinsa a kasafin kuɗi, a taƙaita shi ga amfanin gona kaɗan da baitulmali zai iya ɗauka, kamar masara da shinkafa shanshera da dawa. A riƙa shelanta farashin kafin faɗuwar damina, bisa lissafin kuɗin noma da aka wallafa. Farashin da aka sanar bayan kaka 'yan sari yake amfana, domin a lokacin hatsi ya riga ya bar hannun manomi.

Na biyu, rajista ta bi mai noma, ko gonar tasa ce ko ta haya ko ta aro. A ɗaure kowane suna da lambar shaidar zama ɗan ƙasa da wurin da gonar take, a riƙa sabunta ta kowace shekara, don kada a wayi gari ana biyan gonar da ta zama rukunin gidaje. Shirin rabon taki ta wayar salula na 2012 ya nuna cewa ana iya yi wa miliyoyin manoma rajista idan an so. A kafe jerin sunayen a kowace mazaɓa kafin a biya, a ba da wa'adin ƙorafi, kuma kada kwamitin tantancewa ya zama na shugaban ƙaramar hukuma da muƙarrabansa kaɗai.

Na uku, a sa iyaka mai tsauri a kan yawan buhunan da za a saya ko a biya wa giɓi daga hannun mutum ɗaya, iyakar da ta yi daidai da abin da ƙaramin manomi ke girbewa. Lambar shaida ɗaya, kaso ɗaya, ko mutum yana cikin kamfanoni nawa ko ƙungiyoyin gama-kai nawa. Babban manomi yana da banki da rumbu da inshora. Wanda ke sayar da buhu biyar ranar kasuwa don biyan bashin taki shi ne faɗuwar farashi ke kayarwa.

Na huɗu, a wallafa biyan kuɗi na kowace ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi 774 duk bayan wata uku: nau'in amfani, yawan tan, jimlar kuɗi, adadin masu karɓa. Kayan aikin suna nan. Akwai Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011, akwai kuma shafin bayyana kashe-kashen baitulmali da aka buɗe a watan Disamban 2019. Duk ma'aikacin gwamnati ko mai muƙamin siyasa da ke da gona a cikin shirin ya bayyana hakan a rubuce, ya kuma janye hannunsa daga tantancewa.

Za a ce bayyana sunayen waɗanda suka karɓi kuɗi a Zamfara ko Katsina tamkar miƙa wa 'yan bindiga jerin waɗanda za su sace ne. Wannan damuwa ce ta gaskiya, kuma tana da magani. Tarayyar Turai tana wallafa sunayen masu karɓar tallafin nomanta, amma tana sakaya na waɗanda abin da suka karɓa bai wuce yuro 1,250 ba. Najeriya na iya sakaya sunayen ƙananan manoma, ta wallafa jimlarsu mazaɓa-mazaɓa, ta kuma bayyana cikakken sunan kowane kamfani da dillali da ƙungiya da babban mai karɓa. Matsalar tsaro hujja ce ta kare talaka. Ba ta zama mayafin ɗan kwangila ba.

Za a kuma ce ma'aikacin da ke karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 ya fi kowa buƙatar abinci mai araha, kuma tallafin farashi zai sake tayar da mudu. Wannan ya danganta da hanyar da aka bi. Biyan giɓi irin na Amurka ba ya ɗaga farashin kasuwa, sai dai yana buƙatar sahihan alƙaluman farashi da na gonaki, abin da Najeriya ba ta gama tanada ba. Sayen hatsi a kaka kuwa yana ɗan ɗaga farashi a lokacin da ya fi faɗuwa, kuma idan an adana shi da kyau a rumbunan gwamnati aka fitar da shi a tsakiyar damina, zai sauƙaƙa wa mai saye a lokacin da ya fi tsada. Tan 42,000 da aka ba da umarnin fitarwa a watan Fabrairun 2024 ya nuna yadda ajiyar ta yi ƙaranci ga ƙasa mai mutane sama da miliyan 200. Kowace hanya aka zaɓa, arahar da ta kori manomi daga gona ta shekara ɗaya ce. Idan ya rage shuka bana, ma'aikaci ne zai biya baɗi.

Daga ƙarshe, dole hannun dama ya san abin da hannun hagu ke yi. Ba zai yiwu Ma'aikatar Noma ta yi wa manomi alƙawarin farashi, Ma'aikatar Kuɗi da Hukumar Kwastam kuma su buɗe ƙofar shigo da hatsi ana dab da girbi ba. Duk wani ɗage haraji ya zo da wa'adi da adadi da aka sani, kuma a wallafa sunayen kamfanonin da suka amfana da shi, kamar yadda za a wallafa na masu karɓar tallafi.

Amurka ƙasa ce mai arziki, tana iya ɗaukar asarar tsarin da ke zuba kuɗi inda ba a fi buƙata ba. Najeriya, wadda biyan bashi ke cinye babban kaso na kuɗin shigarta, ba ta da wannan sarari. Abin da ya dace a ɗauko daga gundumar Gaines shi ne alƙawarin da doka ta ɗaure da kuma littafin da kowa zai iya dubawa. Biya bisa faɗin gona da iyaka mai ƙofofi a bar musu kayansu. Jami'in da takardar wannan shiri za ta biyo ta teburinsa ya fara neman shafin da ya yi bayanin wanda zai riƙe rajista da inda za a wallafa ta. Idan babu wannan shafi, ya mayar da takardar inda ta fito.